Bulon da Ya Ƙi Tsagewa

Shekara uku Mai Bulo ta yi tana fama da yumɓu. Maginiyar tukwane ce tun tana budurwa, amma abin da ya tsaya mata a rai shi ne bulon tanda, wanda masu gidajen burodi kullum ke kukan yana darewa da zarar wuta ta yi ƙarfi. Ta cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, ya tsage. Ta cuɗa da garin fasassun tukwane, ya yi dama-dama. A kwaɓi na goma sha ɗaya ta dace da wani haɗi, ta gasa bulo da shi, ta zaɓi guda shida ta aika ɗakin gwaji.

Ran da amsa ta zo tana durƙushe a rumfar aiki, hannu dumu-dumu da laka. Ƙanin mijinta, direban babbar mota, shi ya shigo yana kaɗa ambulan.

"Matar Yaya, goron albishir!"

"Buɗe mana, Direba, ka ga hannuna!"

Ya gyara tsayuwa, ya bi layukan Turancin da yatsa, domin a gidan shi ke taƙama da boko. Can ya yi turus.

"Akwai wata kalma nan, withstand. To, with dai 'da' ne. Stand kuma 'tsaya'. Tsaya da." Ya sassauta murya. "Ina jin cewa suka yi ki tsaya da aikin."

Ta juya ta dubi bulo ɗari biyu da ke shanye a rana. Sai kuma zuciya ta ɗebe ta.

"Kai da ka taɓa karanta takardar magani ka ce a sha na shafawa? Miƙo nan!"

Ta fizge takardar da gefen zane, ta fita titi kamar an koro ta. Ta ratsa tsakanin masu faci da mai gyaran keke, ta faɗa shagon kawunta, tsohon malamin makaranta da ya koma gyaran agogo. Direba na biye da ita yana haki.

"Kawu, duba mini! Wai an ce in daina!"

Kawu ya ajiye ɗan madubin idonsa, ya karanta sau biyu. Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Wane ne ya ce?"

Direba ya hau duban agogunan bango.

"Ɗiyata, zauna. Kalmar nan ba a yanka ta biyu kamar rake. Ma'anarta jurewa, wato abu ya yi gaba da gaba da wani ƙarfi, bai faɗi ba, bai karye ba. Katanga ta sha ambaliya ta tsaya, ita ce kalmar. Jinka ta sha guguwa ba ta yaye ba, ita ce. Har mutum, in an matsa masa lamba ya ƙi tanƙwaruwa. Kuma ba ta tafiya ita kaɗai, dole a faɗi abin da aka jure."

"To ni me na jure, Kawu? Faɗi mana!"

"Ba ke ba, bulonki." Ya buga takardar da bayan yatsa. "Sun ce sun gwada ko zai jure wuta. A nan ƙasa sun rubuta withstood, wato an yi an gama, ya riga ya jure. Sau ashirin suna gasa shi suna hucewa, shida ɗin nan ko ɗaya bai tsage ba."

Mai Bulo ta zabura ta saki ihu, har mai gyaran keke ya leƙo da sifana a hannu. Ta rungume Kawu, ta bar masa sawun yatsu goma a farar riga.

"Ai na kusa," in ji Direba. "Akwai tsayuwa a ciki."

"Rufe mana baki! Kawu, sake faɗi, in riƙe."

Ya faɗa, ta maimaita, harshenta ya sarƙe, suka kwashe da dariya. A karo na huɗu ta fito da ita tas.

Daga nan ba gida ta nufa ba. Ta tasa Direba gaba zuwa gidan burodin bakin kasuwa, inda mai gidan ya taɓa ce mata sai ya ga takarda zai yarda. Yana tsaye bakin tanda, fuska duk gari, ta miƙa masa. Ya karanta, ya dube ta, ya tambaye ta guda nawa ke ƙasa yanzu.

"Ɗari biyu, saura gashi."

"Tanda biyu zan rushe ranar Asabar, in sake gina su da bulonki," ya ce. "Ki je ki hura wuta."