Kujerar Mai Gida

A shekarar 1983, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya ɗaure ciki, Alhaji Attahiru ya sayo mota daga Italiya. Lasisin shigo da shinkafa ya samu har biyu, ya sayar da takardun a Ikko, bai taɓa ganin ƙwayar shinkafar ba.

Motar ja ce, a shimfiɗe da ƙasa kamar ƙadangare, ƙofofinta sama suke buɗewa. Guda arba'in kacal aka ƙera a duniya, tasa ce ta goma sha bakwai. Ba don gudu ya saye ta ba. Shekara uku mahaifiyarsa, Inna Hasiya, tana yi masa mitar cewa ɗan maƙwabciyarta Salamatu a Marsandi yake zuwa gaisuwa, har Salamatu ta fara amsa sallama ta hanci. So yake ranar babbar salla ya tsaya a ƙofar gidansu, can bayan Lambara, da abin da zai rufe bakin Salamatu.

A kan tirela aka kawo ta har Bodinga. Daga nan sai tunanin hanyar ƙauyensu ya faɗo masa. Ya san hanyar sarai, domin shi aka bai wa kwangilarta shekara biyu da suka wuce, kuma ya kafa allon sanarwar aikin mai kyau, iyakar abin da ya yi ke nan. Ya sa aka sauke motar a garejin Mode bakanike.

Mode ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi yana karkaɗe riga.

"Ranka shi daɗe, wagga mota ko kashin jaki ba ta tsallakewa."

"To ɗaga ta."

Mode ya sa mata sifirin na akori-kura da tayoyin motar daji. Alhaji ya zo gwaji da babbar riga da doguwar hula. Ya sunkuya, ya lanƙwashe, rufin ya ture hular ta faɗa cikin baƙin mai. Aka yanke rufin, aka ƙara masa taƙi guda da ƙarfen tanki.

A zuwa na uku ne Alhaji ya lura da babban abin.

"Mode, ina kujerar baya?"

"Babu, Alhaji. Mutum biyu taka ɗauka."

"To ni ina nika zama?"

"Kusa ga direba."

"Ni? In shiga garinmu gefen direba kamar karen mota? Ɗan Salamatu baya shika kishingiɗa, da jarida." Ya nuna bayan kujerun da sanda. "Mi ag ga nan?"

"Inji na, ranka shi daɗe. Silinda goma sha biyu. Don shi anka yi motar duka."

"Inji na zaune wurin mai gida? Hidda shi."

Mode ya daɗe yana kallon injin. Tun da yake bai taɓa ganin ƙarfe mai tsabta haka ba. Amma yana da 'ya'ya tara, sabulu ma sai an bi layi. Kwana huɗu ya yi yana kwance shi. A gurbinsa ya shimfiɗa kujerar wata tsohuwar tasi, ya cusa injin akori-kura a gaba, ya bubbuge murfin gaban da guduma har ya yi tozo. Jan fenti ya ɓace a kasuwar Sakkwato, domin masu lasisin shigo da shi su ma takardun suka sayar. Aka shafe wuraren walda da ragowar shuɗin fentin ƙofa.

Ranar salla da hantsi motar ta bi hanyar da ba a yi ba, tana tari, ba ta maƙale ko sau ɗaya ba. Alhaji yana baya a kishingiɗe, hula a tsaye, jarida a buɗe. Ya ji daɗin mutanen da suka yi cirko-cirko suna kallo.

Inna Hasiya ta fito zaure. Ta dubi tozon, ta dubi tabon walda, ta dubi hayaƙin. Ta kama haɓa.

"Attahiru, ashe matsin ga har ya kai gare ka?"

"Inna, arba'in anka ƙera dud duniya."

"Awo, ɗana. Ce ma direba shi kai ta bayan rumbu, maza, kahin a gani."

An riga an gani. Ba a gama gaisawa ba Salamatu ta shigo da kanta, ɗauke da cinyar rago da ƙwaryar gero, fuskarta cike da tausayi. Rabon da ta taka gidan shekara uku ke nan. Ta dire kayan a gaban Alhaji.

"Kak ka damu, ɗana," in ji ta. "Duniya rawar 'yan mata ta. In za ku koma, nawa yaro shi rage maka hanya."