Ƙofar Kajin Ivo

Ƙaurin ƙonewa ne ya fara tsallako katangar kwano, zagi ya biyo baya. Merle Trengove ta ajiye kwandon wanki, ta taka bulon da ta daɗe da ajiyewa a gindin katanga don irin wannan, ta leƙa gidan maƙwabcinta.

"Me ka ƙona kuma, tsoho?"

Ivo Marich na zaune a bakin rumfar aikinsa, tabarau a ƙarshen hanci. Tsohon direban bas ne a nan garin Whyalla, tun da ya yi ritaya ya koma wasa da wayoyi. Ya ɗago wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, bai fi ƙwayar wake ba.

"Tiransisto. Wani ya sake tafiya."

"Allah ya jiƙan rai. Me kake haɗawa?"

"Ƙofar akurki. Ta rufe kanta idan rana ta faɗi, ta buɗe idan gari ya waye." Ya nuna mata wani ɗan koren allo. "Wannan yana da ƙwaƙwalwa amma ba ƙarfi, kamar ni. Ba ya iya jan rile, makunnin da ke tada injin ƙofar, sai an sa tiransisto a tsakani ya ɗauki nauyin. Shi kuma rile idan ya saki sai ya harbo wuta baya kamar jaki. Na manta ban sa abin da zai tare harbin ba."

Merle ta sauka daga bulo, amma maganar ba ta sauka daga ranta ba. Ai ta san Ivo kamar yunwar cikinta. Mutumin da bai taɓa gama komai ba ke nan. Ƙararrawar ƙofarsa sai an yi ruwan sama take kaɗawa, kuma daɗin hakan yake ji, don ya samu abin kwancewa gobe. Ga shi kajin nan na marigayiya matarsa Dunja ne, kullum da yamma shi yake kora su cikin akurki da kansa yana kiran kowace da sunanta saboda yanyawar da ke zagaye unguwar. Me zai sa mutum irin wannan ya nemi ƙofar da ba ta bukatarsa? Ruwa ba ya tsami banza.

Sai ga wata farar mota ta fara tsayawa a ƙofar gidansa. Wata matashiya ce mai jaka a kafaɗa, ta shiga ta jima, ta fito tana magana a waya ƙasa-ƙasa. Merle ta gan ta ta bayan labule, nan take ta yanke hukunci: dillaliyar gidaje ce. Haka aka yi a ƙarshen layi, aka sayar da gida aka rushe, aka dasa bene ya tare wa kowa rana. Bishiyar lemonta a jikin katangar Ivo take, tagar kicin ɗinta ma can take kallo. Wato munafukin tsohon nan zai sayar ya koma wurin 'yarsa a birnin Adelaide, ya bar ta cikin inuwar bango, ko sallama babu.

Ranar da ake fitar da bola bakin titi ya kira ta.

"Sarauniyar katanga, zo ki ara mini hannu. Nawa rawa yake yi yau."

Ta je, ba don Allah ba, don ta ga kwakwaf. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ta ce a ranta ai dama bai iya girki ba. A kan teburin akwai gwangwanin biskit cike da tiransistocin da ya ciro daga matattun rediyoyi, abin da yake alfahari da shi duk duniya. Sai ta ga ya ture gwangwanin gefe, ya yage wata sabuwar leda, ya fito da wani ƙaton tiransisto mai kunnen ƙarfe.

"Kai ne da sayen sabo? Na gwangwanin fa?"

"Za su yi, tunda yanzu na tare harbin. Amma tsofaffi ne, zafin Janairu, bazararmu ta nan, zai iya kashe su. Wannan ya fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba. Ba zai nemi kowa ba."

Ta riƙe masa ƙafafun abin yana ɗiga dalma. Da can wayoyinsa cusa su kawai yake yi ya bar su a buɗe, yau kuwa ya liƙe komai, ya sa a akwatin roba, ya bi bakinsa da danƙo ya toshe, yadda ko shi ba zai iya sake buɗewa ba. A nan haƙurinta ya ƙare.

"Ka sayar ko? Faɗi gaskiya, tafiya za ka yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tafiya kam akwai ta."

"To Allah ya raka taki gona."

Ta fice ta bugo masa ƙyaure. Daga ranar ta daina miƙa masa lemo ta kan katanga. Ƙwan da ya saba ajiye mata a kan ginshiƙi ta bar shi nan, har ya daina ajiyewa. Haushi take ji, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne kewar faɗan nasu da take yi.

Da farar motar ta sake zuwa, Merle ta tare matar a bakin titi da silifas ɗin ɗaka a ƙafarta.

"Baiwar Allah, bene hawa nawa za ku gina mana?"

Matar ta dube ta cikin rashin fahimta, sannan fuskarta ta sauya. "Mama, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ke ce Merle? Kullum sai ya yi zancenki. Ki shiga ki gan shi, kada ki bari sai gobe."

An kawo gadon asibiti an kafa a falo, ta inda zai riƙa hango akurki. Merle ta tsaya a bakin ƙofa, kunya ta rufe ta.

"Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da kin fara kawo mini miya kina magana a hankali. Na fi son faɗanki."

"Maƙaryacin banza."

"Yawwa, haka nake so." Ya numfasa. "Kajin Dunja naki ne. 'Yata ba za ta iya da su ba. Na san gwiwarki ba ta son sanyin safe, shi ya sa na yi ƙofar. Hatsi da ruwa kawai za ki ba su."

"Wa ya ce maka ina so?"

"Kin ci ƙwansu shekara da shekaru, ai sun zama danginki."

Ta zauna a kujerar gefen gadon, ba ta tashi ba sai da 'yarsa ta iso. Kwanaki kaɗan bayan haka, da rana tsaka, Ivo ya cika.

Da yammacin ranar gidan ya yi tsit, 'yar tana ciki tana ta amsa waya. Merle ta taka bulonta ta leƙa. Ba ta yarda da ƙofar ba, ko kaɗan. Abin da Ivo ya haɗa bai taɓa yin aiki kwana biyu a jere ba, yanyawa kuma ba ta san an yi rasuwa ba. Ta riƙe wani katako da za ta tokare akurkin da shi idan abin ya ƙi.

Rana ta faɗa bayan rufin kwano. Kajin suka shige ɗaya bayan ɗaya, jar nan mai taurin kai ta tsaya tsattsage-tsattsage kafin ta bi su. Shiru. Merle ta gyara riƙon katakon.

Sai ta ji ƙas daga cikin akwatin robar. Ɗan injin ya yi gurnani, ƙofar ta sauko a hankali har ta taɓa ƙasa.

Duk da haka sai da ta zagaya ta shiga gidan, ta durƙusa da ciwon gwiwarta, ta sa hannu ta girgiza ƙofar. Ko motsi ba ta yi ba. Ta jingine katakon a jikin akurki, ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, ta bar shi a nan. Da sauran ɗumin rana a jikinsa.