Hoton Mutaru a Bikin Yendi

Mutaru mutum ne da ba ya son hoto. Duk zaman da suka yi da matarsa Atikatu a Bawku, in ya ga an ɗaga waya sai ya juya ƙeya, ya ce shi ba ɗan wasa ba ne. Da Allah ya yi masa rasuwa, aka bincike gidan kaf, ba a samu komai ba sai hoton katin zaɓe, inda ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Atikatu, ta mayar da katin akwati.

Bayan ta fita takaba, 'yarta Samiratu, mai aikin jinya a Salaga, ta zo hutu da kwamfutarta. Ta ce tana da bidiyon wani bikin dangi da aka yi a Yendi bara, wataƙila a dace.

Suka baje tabarma bayan la'asar, suka kife turmi suka ɗora kwamfutar. Ga mata da anko, ga makaɗa, ga tukwanen shinkafa, amma Mutaru ko inuwarsa babu. Atikatu har ta fara cewa a rufe haka nan, sai Samiratu ta riƙe hannunta.

"Mma, tsaya!"

Can bayan rumfa, ga shi ɗauke da benci a kafaɗa. Bai san ana ɗauka ba. Ya juyo yana dariya har giɓinsa ya fito, sai wata mai ƙaton gwaggwaro ta gifta ta rufe shi.

Atikatu ta dafe ƙirji. "Maido min shi."

Samiratu ta yi ta mayar da bidiyon baya tana tsayarwa. Wani lokaci benci kawai za a gani, wani lokaci gwaggwaron ya cika fuskar kwamfutar. "Wannan mata ko ina sai ta tare hanya," in ji Atikatu, suka yi dariya da hawaye a idonsu. Da ƙyar dai aka tsayar da shi daidai.

"Yanzu in na danna nan, kwamfuta za ta ɗauki hoton abin da muke gani. Sikirinshot ake ce masa," in ji Samiratu.

"Bari ni in danna."

Atikatu ta kai yatsa ta danna. Fuskar kwamfutar ta ƙifta, ta janye hannu da sauri. "Na ɓata ko?"

"Kin kama shi, Mma. Saura mu adana kar ya ɓace. Wane suna za a sa?"

Atikatu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Ta ce, "Rubuta Maigida."

Samiratu ta rubuta, ta ƙara girman hoton. "Wa yake yi wa dariya haka?"

Atikatu ta daɗe tana kallo kafin ta tuna. "Ni ce. Na shiga fili zan taka rawa, takalmina ya tsinke. Tsokanata ya yi ta yi a mota har muka iso Garu." Nan kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata, Samiratu ta jawo ta jikinta.

Washegari suka kai aka wanko hoton. Ya ɗan yi dishi-dishi, kunnensa ɗaya ma benci ya rufe. Atikatu ta aika wa 'yan uwansa na Yendi guda, nata kuma ta rataye a ɗaki, daidai inda hasken taga ke sauka da safe.