Awon Ciyawa

Shekara goma sha tara Sarkin Fili yana kula da ciyawar filin golf, musamman lallausar nan ta bakin ramuka, wadda ake aske wa kai kullum da safe. Abin da injin ya yanko a zuba a bokiti mai zane a jiki, a duba. In ya yi kaɗan, ciyawa na jin yunwa, a ba ta taki. In ya yi yawa, a ja mata linzami, don ƙwallo ba ta gudu kan ciyawa mai ƙiba.

Ana haka matarsa ta matsa masa lamba ya sama wa yayanta aiki. Yayan tsohon mai awon hatsi ne, kasuwa ta juya masa baya. Sarkin Fili ya ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ya damƙa masa bokitin.

Tun daga makon farko awo ya faɗi. Ramin da ke ba da bokiti huɗu ya koma biyu. Sarkin Fili ya zuba taki. Biyu dai. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa. Ciyawa ta yi shar, ta yi kauri kamar katifa, ƙwallo in an buga sai ta yi rarrafe ta kwanta. Masu wasa suka kai ƙara, manaja ya ce in ba a gyara kafin gasar ƙarshen wata ba, Sarkin Fili zai koma sharar ramukan yashi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har tsugunawa yake yana yi wa ciyawar magana.

Saura kwana uku ya bi bayan Yaya ba tare da ya sani ba. Sai ga bawan Allah ya zuba ciyawa a bokiti, ya girgiza, ya danna da gwiwar hannu, ya ƙara, sannan ya cire takalmi ya hau da ƙafa.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Awo mana. Ai mu ne masu karɓa. Shekara talatin ba a taɓa cutata a awo ba, ciyawa ce za ta fara?"

Ya ma ƙara da cewa da bayarwa ake yi, ya san yadda zai kaɗa ta ta cika bokiti takwas, ba a dai gaya masa ba ne.

Kwana uku ba sa ramar da ciyawa. Da manaja ya nemi jin wanda ya yi wannan aika-aika, Sarkin Fili ya dubi Yaya, mai furfura da 'ya'ya bakwai, yana tsaye rungume da bokitinsa. Sai ya ɗauki laifin a kansa, ya ce shi ne, lissafin taki ya kuɓuce masa. Aka miƙa masa manjagara.

Da ya koma gida matarsa ta tare shi da murna, tana tambayar yadda Yaya yake da aiki.

"Hannunsa akwai albarka," in ji shi, yana kakkaɓe yashi daga takalmi. "Duk abin da ya taɓa sai ya yi ƙiba."