Gurmi a Kwalin Daddawa

Imrana tela ne, shagonsa na bayan kasuwar Kaura Namoda, amma tun da matarsa Nazifa ta fara sayar da daddawa da yaji ta waya, rabin yininsa a tasha yake ƙarewa. Ita ke dafa kalwa, ita ke daka, ita ke ciniki da mata daga Gusau har Zurmi. Nasa aikin shi ne ya ɗaure kwali a bayan babur ya kai wa mota. Da farko ya ɗauka abu ne na je-ka-dawo.

Ashe ba haka ba ne. In ya je da sassafe, mota ba ta cika ba, direba kuma ba zai karɓi saƙo ba sai ya ga fasinja. In ya je da hantsi, a ce masa yanzun nan ta tashi. Wani direban ya shinshina kwalin ya ce fasinjansa ba za su yarda da wannan warin ba. Wani ya karɓa da fara'a, ya danne shi da buhun gero. Akwai ranar da man gyaɗa ya tsiyayo daga jarkar wani ya shafe lambar wayar da ke jikin kwali, saƙon ya yi ta yawo a but ɗin mota har ya dawo wa Imrana da kansa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mai saƙo ta ƙi ɗaga waya. Sai direba ya kira shi, yana tsakiyar yanka shadda, ya yi ta faɗa kamar shi ya ɓoye matar.

Wata Litinin ya kai kwalin Hajiya Rashida ta Zurmi, ya damƙa shi a hannun Kamalu, ɗan kamashon da ke loda motoci. Ya dawo gida cin abincin rana ke nan sai wayar Nazifa ta yi ƙara. Ta saurara, ta zaro ido, ta ƙara murya don shi ma ya ji.

"Ɗiyata, ni daddawa na ce ki aiko man," in ji Hajiya. "Mi za ni yi da abin kiɗi?"

"Abin kiɗi kuma, Hajiya?"

"Ga shi nan gabana! Duma da sanda, an naɗe shi cikin tsohon bargo. Ku zo ku ɗauke abinku tun Alhaji bai dawo ya gan shi ba. Kuma ba ni ba kowane direba, kada gobe a kawo man akuya."

Imrana ya koma tasha a fusace. Kamalu ya sosa ƙeya, can ya tuna cewa kwali biyu ne na taliya, iri ɗaya, duk an ɗaure su da baƙar roba. Ɗayan daga Gusau aka sauke shi, za shi Shinkafi. Ya ce da mai kwalin ya kira zai sanar da shi.

Washegari Imrana ya rufe shago ya hau motar Zurmi. Duk hanya yana shirya maganganun da zai faɗa wa Nazifa a kan wannan sana'a tata. Amma da 'yar aikin Hajiya ta miƙo masa kwalin a zaure, ya buɗe bargon, sai maganganun suka bi iska. Gurmi ne, ɗan ƙaramin duma da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu. Ya sha ganin irinsa a hannun makaɗa yana yaro. Sai dai wannan an huda gindinsa an dasa wani ɗan ƙarfe mai rami, irin wanda ake soka wa wayar lasifika. Ya juya shi, ya leƙa ramin, ya girgiza shi kusa da kunne. Wa zai haɗa gurmi da wuta? Don me?

A hanyar dawowa aka tsayar da su a shingen jami'an tsaro. Wani jami'i ya nuna kwalin da ke kan cinyarsa.

"Me ke ciki?"

"Gurmi ne, ranka ya daɗe."

"Kai makaɗi ne?"

"Tela ne ni."

"To kaɗa mu ji."

Imrana ya fito da shi ya ja tsirkiya ɗaya. Ta yi wani kuka kamar ƙofar langalanga. Motar duka ta tuntsire da dariya, har jami'in, ya ce lallai tela ne, su wuce.

A gida Nazifa ta so a jefa abin ƙarƙashin gado, shi kuwa ya rataye shi a ƙusa inda yake rataye hula. Ko yana ɗinki a shago tunaninsa na kan wannan ramin. Ran Laraba Kamalu ya kira shi.

"Mai gurmin ya ɓullo. Hayatu sunansa, ya kusa cinye ni a waya. Kawo shi in ba motar safe, ran kasuwa yake son shi."

"Ba ni ba ka," in ji Imrana. "Ni za ni kai da kaina."

Nazifa ta dube shi da mamaki. "Baban Sadiya, kai da ke cewa ka gaji da tasha?"

"Daddawarki za ni amsowa," ya ce, bai kalle ta ba.

Ran Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ya isa garin ana kiran azahar. Tun a waya Hayatu ya kwatanta masa wani tsohon sito a bayan 'yan hatsi. Imrana ya yi zaton zai tarar da dattijo mai 'yan amshi da babbar riga. Sai ga wani siririn saurayi da rigar ƙwallo ya taho da gudu, ya karɓi kwalin tun kafin su gama gaisawa. Ya duba fatar, ya duba ƙarfen, ya sauke ajiyar zuciya.

"Yaya, Allah shi saka. Ka zo a kan gaɓa, yanzu za mu fara."

"Tsaya tukuna. Wanga rami na mine ne?"

Hayatu ya yi dariya. "Gurmi muryarsa ƙasa take. In abokina ya taɓa piyano, ba mai jin nawa. Shi ya sa na aika da shi Gusau wurin wani mai gyaran rediyo. Ni ma ban taɓa jin yadda zai fito ba."

"Ina daddawata?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Tana bisa katanga, saboda wari. Amma gaskiya innata ta taɓa kaɗan. Ta ce a faɗa wa mai ita hannunta na da kyau."

Imrana ya so ya yi fushi, bai samu fushin ba. Ya ɗauki kwalinsa, ya ce a ransa zai tsaya ya ji kiɗa ɗaya kawai ya tafi.

Harabar siton ta fi yadda ya zata cika. An shimfiɗa tabarmi da buhunan da aka farke, maza a gefe guda, mata a ɗaya gefen ƙarƙashin rumfa. Yawancinsu 'yan ƙauye ne da suka ci kasuwa, wasu da kayan cefanensu a gaba. Babu dandamali, babu wani mai kuɗi a kujera da za a yi wa kirari. Su uku ne kawai: Hayatu, da Mubashir mai piyano, da Ismail mai kalangu, sai lasifika ɗaya da aka jona da batirin sola. Wani dattijo mai farin gemu ya matsa wa Imrana a kan tabarma, ya ce masa da rana suke yi kullum, su tashi kafin la'asar, don kowa ya koma gida da sauran haske. Hanya ba ta dare ba ce yanzu.

Hayatu ya soka waya a gindin gurmin. Lasifikar ta yi wata ƙara mai tsaga kunne, mata suka toshe kunnuwa, Mubashir ya murɗa wani abu ta yi shiru. Sannan Hayatu ya taɓa tsirkiya. Sautin ya fito cike, mai kauri, ya bugi bangon siton ya dawo. Shi kansa makaɗin sai da ya tsaya ya dubi abin da ke hannunsa. Ya sake taɓawa, ya yi murmushi, kalangu ya shigo.

Waƙar farko a kan wani ɗan acaɓa ce da babur ɗinsa ba ya tashi sai an roƙe shi. Jama'a suka yi ta dariya, Imrana ma. Ta biyu ba ta da kalmomi ko kaɗan, gurmi da piyano ne ke ba juna amsa, ɗaya ya faɗa ɗaya ya mayar. Imrana bai taɓa jin irin wannan ba. Ba kiɗan biki ba ne, ba kuma irin wanda ake sawa a waya ba. Ya lura hannun Hayatu na hagu da ƙyar yake motsi, amma sautin na canzawa, ya yi ta leƙe yana son gano yadda ake yi.

Daga nan Hayatu ya sassauta kiɗan ya ce, "To, wa ya baro gida?"

Wata mata ta ce, "Jangeru!" Ya saka Jangeru a waƙa, da shanunta da hanyar da ke bi ta kan iyaka. Wani ya ce Galadi, aka yi wa Galadi. Imrana ya fahimci cewa da yawa daga cikin masu kiran sunayen nan sun daɗe ba su kwana a garuruwan ba. Ba wanda ya yi kuka. Kowa dai in an zo kan garinsu sai ya gyara zama.

Hayatu ya nuna shi da kan gurmin. "Yaya da ya kawo man abina, kai fa?"

"Kaura," in ji Imrana. Sai kuma ya ji bakinsa ya ƙara da cewa, "Amma asalinmu Kurya Madaro."

Hayatu ya lumshe ido, ya ɗan yi kiɗa shi kaɗai, sannan ya rera:

"Kurya, na bar gatari jikin kirya,
na ce in sha ruwa in dawo.
Gero ya nuna bai gan ni ba,
ku gaishe shi in kun riga ni."

Imrana yana ƙarami aka baro Kurya da shi, abin da yake iya tunawa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka shi ma sai da ya gyara zama. Dattijon da ke kusa da shi ya taɓa masa gwiwa.

"Ɗan wa kake a Kurya?"

"Ɗan marigayi Alhaji Bawa, mai hatsi."

"Bawa dogo, mai tsage a kunci? Bawa mai gangar noma?"

"A'a, Baba, ba shi ba ne. Mahaifina bai taɓa riƙe ganga ba. Ko a rediyo aka sa kiɗi, kashewa yake yi."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Wannan bayan ya je Makka ne. Ni na yi noma a gayyar da ya yi wa kiɗi. In tsohuwarka na da rai, tambaye ta."

Imrana ya so ya ƙara tambaya, amma an fara naɗe tabarmi, wani ya leƙo yana cewa motar Kaura ta ƙarshe na shirin tashi. Ya yi wa Hayatu sallama a tsaitsaye, ya rungumi kwalin daddawa ya ruga. Direban ya shinshina, ya ɓata fuska, ya ce sai dai a ɗaure shi a sama.

Da ya sauka Kaura bai wuce gidansa ba, sai ya biya gidan yayansa inda mahaifiyarsu Maimunatu ke zaune. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, wai da gaske Baba ya taɓa kiɗin ganga?"

Hannunta ya tsaya cak a cikin waken. "Wa ya faɗa maka?"

"Wani tsoho, a Shinkafi."

"Mi ya kai ka Shinkafi?"

Ya ba ta labarin tun daga kwalin Hajiya. Ta saurara ba ta katse shi ba, sai da ya gama ta kawar da fuska, kafaɗunta na rawa. Ya ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce.

"Bai iya ba," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Ƙarfi kawai gare shi. Ranar da na fara ganinsa, mun kai wa 'yan gayya fura, ya hango mu, ya dage ya yi ta dukan gangar nan har fatar ta fashe. Gangar aro ce kuma. Daga baya ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa cikinku."

Ta koma tsince wakenta, tana murmushi ita kaɗai. Can ta ɗago.

"To, shi yaron mi ya ce a kan Kurya?"

Imrana ya buɗe baki, kalmomin suka ƙi zuwa daidai. Ya tuna akwai gatari, akwai gero, amma ya kasa jera su. Sai ya yi mata karin waƙar da hanci, yana buga gwiwa da yatsa.

"Kai ma ba ka iya ba," in ji ta. "Amma sake yi, a hankali."

Ya gyara zama a bakin tabarmarta, ya sake farowa.