Ranar da Aka Yi wa Inna Saude Kwalliya

Ran Talata bayan la'asar labarin ya shigo unguwar masunta a Tiga, kafin magariba kuwa har kajin gidan Badiyya sun ji shi. Mai unguwa ne ya sa aka yi shela: ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun haɗa kuɗinsu da na hukumar lafiya a asusu guda. Daga yanzu masu ba da magani da masu kula da gajiyayyu tare za su riƙa tafiya, gida-gida. Duk tsohon da aka samu ba ya iya yi wa kansa komai za a ba shi keken guragu, a kawo masa magani har ɗaki, a kuma turo mai kula da shi sau uku a mako. Jibi Alhamis za su zo duba mutane.

Badiyya tana tsakiyar wanke zannuwan mahaifiyarta, ta miƙe da kumfa a hannu ta rangaɗa guɗa. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya shanye wa Inna Saude ɓarin jiki, kuma duk tsawon lokacin nan Badiyya ce ƙafarta. Ita ke ɗaga ta, ita ke kai ta banɗaki, ita ke juya ta, sau biyar sau shida a yini. Mijinta Mustapha yana kan ruwa tun asuba, ko da yana gida ma ina suruki ina ɗaukar surukarsa? Bayan Badiyya har ya fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ta je asibiti neman keke, an ce wannan aikin sakatariya ne. Ta je sakatariya, an ce ai mara lafiya ce, ta koma asibiti. Ta yi ta zirga-zirga har 'yan acaɓa suka san sunanta.

"Wannan karon ba inda za a tura ni," ta ce wa maƙwabciyarta Kulsumu ta kan katanga. "Su za su zo da ƙafarsu."

"To ai sai ki tashi tsaye, Yaya Badiyya. Baƙi daga hukuma, su zo su same ku haka?"

A nan aka ɓata lamarin, kuma ba wanda ya lura, don murna ta rufe wa kowa ido. Mutanen nan ruwan dam ya ci garinsu tun zamanin iyaye, amma bai ci kunyarsu ba. A wurinsu baƙo ba ya ganin kasawar gida. Laraba gaba ɗayanta aiki aka wuni ana yi. An share, an yayyafa ruwa, an turara ɗaki. Fo da ledar shimfiɗa da tsummokaran da ake sa wa Inna duk aka kwashe aka tura bayan rumbu. Kulsumu ta kawo kafet ɗinta da kujera mai hannu. Aka yi wa Inna kitso, aka ƙunsa mata lalle har a hannun da ba ya motsi. Badiyya tana soya karfasa tana waƙa, abin da ta manta rabonta da shi.

Alhamis da hantsi Badiyya da Kulsumu da wata maƙwabciya suka cicciɓi Inna suka ɗora a kujera, suka tokare ta da matasai, suka ɗaure ƙugunta a jikin kujerar da ɗankwali don kada ta zame, sannan suka lulluɓe komai da mayafin sallah. Kai ka ce uwar amarya ce take jiran 'yan kawo lefe.

Wajen sha biyu sai ga babur ya sauke mata biyu. Malama Muhsina ma'aikaciyar lafiya ce, da jakar awo a kafaɗa. Malama Asma'u kuwa daga sashen jin daɗin jama'a take, ita ke riƙe da fom. Zuciyar Badiyya kamar ta fito don daɗi. Ga asibiti ga sakatariya yau a kan tabarmarta, suna shan ruwa a kwano ɗaya.

Suka durƙusa suka gai da Inna.

"Ina wuni, Inna? Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, 'yan nan. Alhamdulillahi."

"Kina iya cin abinci da kanki?" Asma'u ta tambaya, biro a hannu.

"Ana ci."

"Wanka fa, da zagayawa?"

Inna ta kau da kai. "Ana yi. Mun gode Allah."

Kulsumu, wadda ba a tambaya ba, ta ƙara gishiri. "Ai tsohuwar nan cikin gata take, Malama. Duk unguwar nan ba wadda ta kai ta tsafta."

Asma'u ta dubi kafet, ta dubi lalle, ta dubi kifin da aka jere a faranti. Ta yi murmushi ta ja layi a takarda. "Masha Allah. Kin san gidajen da yawa, kekunan kuwa kaɗan ne a zagayen farko. Za mu fara da waɗanda suka fi galabaita. Ku kam Allah ya rufa muku asiri."

Sai a lokacin Badiyya ta gane abin da ta yi wa kanta da hannunta. Ta so ta tsayar da su. Ta ce me? Ta ce a gaban uwar da ta haife ta, a gaban baƙi, wai ta gaji da ɗaukar ta? Ta tsaya tana murza gefen zaninta, tana kallo Muhsina tana zuge jaka.

"'Yan nan," in ji Inna Saude a hankali, "kafin ku tafi ku sauke ni kan tabarma. Azahar ta gabato."

Badiyya ta taho da sauri yadda ta saba.

"Ke, tsaya can. Su na ce."

Muhsina ta kama hammata ɗaya, Asma'u ta ajiye fom ta kama ɗayar. Suka ɗaga, kujera ta biyo su. Mayafi ya zame, ɗankwalin da aka ɗaure ta da shi ya bayyana, matasai suka zube. Suka kwance ta suka sake gwadawa. Inna ba ƙaramar mace ba ce, kuma jikin da ya mutu ba ya taimakon mai ɗaukarsa. Kafin su kai ta tabarma Asma'u tana haki, hijabinta ya karkace, Muhsina kuwa ta ga gyambon kwanciya a ƙugun tsohuwar, wanda aka rufe da hoda.

"Inna, wa yake ɗaga ki kullum?" Muhsina ta tambaya.

Inna ta nuna da haɓa. "Waccan."

"Ita da wa?"

"Ita da Allah." Tsohuwar ta numfasa. "Na ce muku da sauƙi, kuma ban yi ƙarya ba, don ni ake ɗagawa. In kuna neman mara lafiya a gidan nan, ku duba bayan Badiyya."

Badiyya 'yar fari ce, kuma shekara talatin da takwas ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, daga "ke" sai "waccan". Ta zauna a bakin ƙofa, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata.

Asma'u ta ninke fom ɗin farko ta cusa a jaka, ta zaro sabo. "A da sai in ce wannan ba aikina ba ne," ta ce. "Yanzu takardar ɗaya ce. Mutum biyu zan rubuta. Kulsumu, je ki ɗauko duk abin da kuka ɓoye."

Kulsumu ta fita da gudu ta nufi bayan rumbu. Muhsina ta zuge jakarta ta buɗe, ta durƙusa a bayan Badiyya ta ce ta ɗan sunkuya.

"Ina ne yake miki ciwo?"

Badiyya ta saci kallon uwarta, ta share ido, ta kama hannun Muhsina ta ɗora a daidai wurin.