Harshen Malam Ya Zo Ba da Shaida

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya kai ni kasuwa. Ban yi mamaki ba, don da maganar injin markaɗe na kwanta. Shekara ashirin da uku ina daka kayan miya a turmi, yanzu kafaɗata ta dama ta ce ta gaji, ko ɗankwali zan ɗaura sai na cije leɓe. Mijina kuwa, Malam Tanimu, ya rantse ba ya cin miyar inji, wai harshensa yana ganewa tun daga lomar farko.

Kasuwar irin tamu ce, sai dai a can tumatir ne ke latsa mutane ya ji ko sun nuna. Wata albasa ta dube ni ta fashe da kuka. Ban tsaya lallashinta ba.

A bakin layin injuna akwai ofis, wata zabuwa mai tabarau tana zaune bayan tebur.

"Baiwar Allah, me ke tafe da ke?"

"Injin markaɗe na zo zaɓa."

"Nan ba a zaɓar inji, inji ke zaɓar mutum. Hau kan kantar nan ki zauna, ki gyara gyalenki."

Na hau. Mu bakwai ne a jere. Ta kusa da ni ta ce tun azumin bara take nan, kuma ban musa ba, don gizo-gizo ya yi saƙa a ɗankunnenta.

Inji na farko ya shigo, wani ƙato, kofuna goma sha biyu na biye da shi kamar 'yan tsaki. Ya ƙare mini kallo sama da ƙasa.

"Gidanku sau nawa wuta take zuwa?"

"In ta ga dama."

"To ni sai da janareta. Kuma kullum in na gama aiki za ki yi wa 'ya'yan nan nawa wanka, ɗaya bayan ɗaya."

"Na gama wankan yara," na ce. "Autana gemu gare shi."

Ya kwashe 'ya'yansa ya yi gaba.

Na biyu dogo ne siriri, sai ƙyalli yake. Ya ce duk abin da aka ba shi ruwa yake mai da shi. Don in yarda, ya haɗiye kujerar zabuwa, ya tsiyaye ta a kofi, ya miƙa mata. Ta ci gaba da zama a kan iska tana rubutu.

"Jajjage fa?" na tambaye shi.

"Mene ne jajjage?"

Matan kan kanta suka ɗauki salati. Injin da bai san a bar attaruhu da albasa da ɗan jikinsu ba, me zan yi da shi ranar dafa-duka? Na ce ya wuce.

Zabuwa ta zare tabarau. "Ke ba ki da ikon ƙi."

"To na ƙi."

Ta duba littafinta, ba ta samu inda ake rubuta irin wannan ba, ta mayar da tabarau.

Na uku gajere ne, kwano ɗaya, wuƙa biyu, maɓalli ɗaya, har da ɗan tabo a murfi. Bai tambayi gidanmu ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Wace kafaɗar ce?"

Wallahi sai da idona ya ciko. Shekara uku ina fama da ciwon nan, cikin gidana ba wanda ya taɓa tambayata wacce ce.

"In kin danna kin saki, jajjage," ya ce. "In kin riƙe, markaɗe. Gyaɗa ina niƙawa. Waken ƙosai kada ya wuce gwangwani huɗu, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ɗauke ki."

"Ni ma na ɗauke ka."

Sai ga mu a kotu. Zabuwar nan ce alƙali. Ta ce a dokar ƙasar, inji ba ya shiga gida sai harshen maigida ya sa hannu. Aka kira shaida. Harshen Malam ya shigo shi kaɗai, da hularsa, ya baro Malam a gida yana barci. Ya gaisa da kowa ban da ni.

Aka kawo kwano biyu na miyar taushe, ɗaya ta turmi, ɗaya ta inji. Ya ɗanɗana ta farko, ya gyaɗa hula.

"Wannan ita ce ta turmi. Hannun Barira ke nan, ko a duhu na san shi."

Ya ɗanɗana ta biyu ya tofar. "Ƙarfe zalla! A'a, wannan ba ta shiga gidana."

Can a lungu turmina ya yi gyaran murya. "Allah ya gafarta alƙali, ta biyun ce aka daka a cikina. Ga sauran kabewa a gefena."

Zabuwa ta yi rubutu mai tsawo, sannan ta ce, "Tunda shaida ya yi kuskure, kotu ta tabbatar da maganarsa. Ki koma daka."

"Har yaushe?"

"Har kafaɗar ta cire. Sannan ki koma ta hagu."

Nan raina ya ɓaci, irin ɓacin da ba ya hayaniya. Na kama hannuna na dama, na murɗa shi sau uku, ya fito. Na ajiye shi a kan teburin alƙali.

"Ga shi nan, shi kuke so. Ku ba shaida ya tafi da shi ya yi ta daka."

Na sungumi injina da hagu. Muciyoyi biyu masu gadi suka tare ƙofa, na ce duk wadda ta taɓa ni yau a murhu za ta kwana. Suka ba ni hanya. Ƙofar kuwa duk taku ɗaya da na yi sai ta ja baya, don haka na juya na tafi da baya, na fita lafiya lau. Ina jin harshen Malam yana tsalle a kan benci.

"Barira! To ni me zan ci?"

"Wadda ka yaba!"

Ƙarar baro ce ta tashe ni, mai kayan miya yana tura shi a kan duwatsun layinmu yana kiran tattasai da attaruhu. Gari ya waye sosai. Hannuna na nan a jikina, ciwonsa ma na nan. Daga tsakar gida Malam ya ɗaga murya.

"Barira, ga mai kayan miya. Na yau kawai zan saya?"

"Sayi na mako guda, Malam. Ka ajiye a inuwa, sai na dawo daga kasuwa."

"Na mako guda? Wa zai daka wannan duka?"

Na jawo gyalena da hannun hagu.

"Ba kowa," na ce.